Filamingo da Tafkunan Kanwa: Tambayoyi da Amsoshi

A wasu tafkuna da ke jere cikin Babban Kwarin Gabashin Afirka, wanda ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, tsuntsayen filamingo kan yi dandazo har bakin ruwa ya rine ya koma ruwan hoda iya ganin ido. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, ruwan waɗannan tafkuna ba ya shawuwa, yana cin fata, kuma yawancin kifaye ba sa iya rayuwa a cikinsa. Tambayoyin da ke biye su ne aka fi yi game da dalilin da ya sa wannan tsuntsu ya zaɓi irin wannan wuri domin kiwo da hayayyafa.

Mene ne tafkin kanwa, kuma ta yaya yake samuwa?

Tafkin kanwa shi ne wanda kanwa ta narke a ruwansa da yawa har ta rinjayi duk wani gishirin da ke ciki. Ba ya samuwa sai abubuwa uku sun haɗu. Na farko, tafkin ya kasance a cikin kwarin da ba shi da mafita, wato koguna da maɓuɓɓuga suna zuba a cikinsa amma babu kogin da ke fita da ruwan zuwa teku. Na biyu, yankin ya kasance mai zafi da ƙarancin ruwan sama, ta yadda abin da rana ke ƙafarwa zai kai ko ya wuce abin da ke shigowa. Idan ruwa ya tashi ya zama tururi, gishirin da ya kwaso daga ƙasa ba ya tashi tare da shi, sai ya yi ta taruwa shekara bayan shekara.

Abu na uku shi ne irin duwatsun da ruwan ya biyo ta kansu, kuma shi ne ya raba tafkin kanwa da tafkin gishiri na yau da kullum. Duwatsun da aman wuta ya bari a wannan kwari suna da sinadarin sodiyam mai yawa, amma kalsiyam da maganiziyam kaɗan ne a cikinsu. Da a ce kalsiyam yana da yawa, da ya haɗu da sinadarin kabonet da ke cikin ruwan sun kwanta a ƙasa sun zama dutsen alli. Tun da babu shi, sai kabonet ɗin ya zauna tare da sodiyam, wanda haɗuwarsu ita ce kanwa.

Masana suna auna ƙarfin kanwar ruwa da ma'aunin pH. Ruwa tsantsa yana kan 7, ruwan teku yana wajen 8, tafkunan kanwa kuwa suna farawa daga 9 su wuce 10, kuma kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne na wanda ke ƙasa da shi. Tafkin Natron da ke arewacin Tanzaniya, dab da iyakar Kenya, yakan kai 10.5 ko ya zarce. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 57, amma zurfinsa bai kai mita 3 ba, kuma a wurare da dama ruwan bai wuce idon sawu ba. A kudancinsa akwai dutse mai aman wuta da ake kira Ol Doinyo Lengai, wanda shi kaɗai ne a duniya yake amayar da narkakken dutse mai cike da kanwa a wannan zamani, tokarsa kuma tana daga cikin abin da ruwan sama ke wankowa zuwa tafkin.

Me filamingo yake samu a ruwan da kusan babu mai iya zama a cikinsa?

Abinci yake samu, kuma mai yawan da samun irinsa ke da wuya a wani ruwan. Duk da cewa tafkin kanwa yana korar yawancin halittu, 'yan kaɗan da suka jure masa suna yaɗuwa ba kama hannun yaro. Mafi muhimmanci a cikinsu wata ƙwayar halitta ce mai kama da gansakuka, wadda masana ke kira Arthrospira fusiformis, aka kuma fi saninta da sifirulina. Siffarta kamar zare ce a murɗe, ƙarama ƙwarai, ido ba ya rarrabe guda ɗaya sai da madubin ƙara girma. Tana haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda tsiro yake yi.

Duk abin da take bukata yana nan a wadace. Tsirran ruwa sukan tsaya da girma idan sinadarin kabon ya ƙare musu, amma ruwan kanwa cike yake da shi. Sinadarin fosfet, wanda taki ne ga kowane tsiro, yakan kwanta a ƙasan tafki idan akwai kalsiyam, a nan kuwa yana narke cikin ruwa. Ga rana mai ƙarfi duk shekara, ga ruwa mai ɗumi marar zurfi. Shi ya sa ake lissafa tafkunan kanwa cikin ruwayen da suka fi kowane samar da abinci a doron ƙasa. Idan sifirulina ta yi yabanya a tafki irin Bogoria na Kenya, ruwan yakan yi kauri ya koma kore shar, ta yadda wanda ya tsoma hannunsa zuwa wuyan hannu ba zai ga yatsunsa ba. Fiye da rabin nauyinta idan ta bushe furotin ne.

Sannan babu abokan takara. A tafkin ruwan daɗi kifaye da sauran ƙananan halittu ne za su cinye irin wannan abinci tun kafin ya taru. A tafkin kanwa kifin da ke iya rayuwa kaɗan ne, kamar 'yan ƙananan karfasa na jinsin Alcolapia da ke zaune kusa da maɓuɓɓugan Natron da Tafkin Magadi na Kenya, inda ruwan ya ɗan yi sauƙi. Tsuntsu guda na nau'in da ake kira ƙaramin filamingo yana bukatar kimanin giram 60 zuwa 70 na busasshiyar sifirulina a yini. Idan miliyan guda suka taru a tafki ɗaya, abin da suke kwashewa a kowace rana ya haura tan 60, kuma tafkin yana mayar da gurbinsa muddin yanayin ruwan bai sauya ba. Kashin tsuntsayen ma komawa yake cikin ruwan ya zama taki.

Ta yaya suke cin abincin da ido ba ya gani?

Tacewa suke yi. Wanda ya zuba wa filamingo ido yana kiwo zai ga ya sunkuyar da dogon wuyansa har kansa ya kife, leɓen sama na bakinsa ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. Wannan ne amfanin lanƙwasar da ke tsakiyar bakin, domin idan kan ya kife, gaban bakin yana kwanciya daidai da fuskar ruwa. A cikin bakin akwai jerin siraran faifai masu gashi-gashi da suke aiki kamar rariya. Harshen kuma mai kauri ne, yana kwance cikin wani kwarmi, yana kai da komo sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan ya ja baya ruwa ya shigo ta ɗan tsagin baki, idan ya turo gaba ruwan ya fita, abincin ya maƙale a faifan, sai wasu ƙayoyi da ke bisa harshen masu kallon baya su tura shi zuwa maƙogwaro. A gefen bakin akwai wasu ƙayoyin da ke tare duk abin da ya yi girma kada ya shiga.

Ƙaramin filamingo yana tafe ne a hankali yana kaɗa kansa dama da hagu, bakinsa bai nutse fiye da 'yan santimita ba, domin a saman ruwa ne sifirulina ta fi taruwa. Wannan kiwo yana bukatar ruwa a kwance, shi ya sa sukan dage da shi cikin dare da sassafe lokacin da iska ta lafa. Idan iska ta taso kuwa, sai su haɗu su matsu wuri ɗaya a kan ruwan, na gefe su karya igiyar ruwa, na tsakiya su ci gaba da kiwo.

Dukkan nau'o'in filamingo abinci ɗaya suke ci?

A'a. Nau'o'i 6 ne a duniya: biyu a Afirka da Asiya da kudancin Turai, huɗu a nahiyar Amurka. Ƙaramin filamingo, wanda tsayinsa bai wuce santimita 80 zuwa 90 ba, shi ne ya fi kowane yawa kuma shi ne ya fi dogara da tafkin kanwa, domin faifan bakinsa masu laushi ne ƙwarai, sun dace da sifirulina da irinta. Babban filamingo, wanda kan kai santimita 150, faifansa masu faɗin ido ne, don haka abincinsa ya fi girma: ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, tsutsotsin ƙwari, 'yan ƙananan dodon koɗi da 'ya'yan ciyayin ruwa. Shi a ƙasan ruwa yake nema, yana tattaka taɓo da ƙafafunsa yana juyawa a wuri ɗaya don ya tayar da abin da ke ɓoye.

Wannan bambanci ne ya sa nau'o'in biyu suke kiwo kafaɗa da kafaɗa a tafki ɗaya ba tare da sun takura wa juna ba. Haka abin yake a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, inda ake samun nau'o'i uku a tafki guda, kamar Laguna Colorada ta ƙasar Bolibiya da ke sama da mita 4,000 daga fuskar teku. Kowane nau'i yana tace ƙwayoyin da suka dace da girman idon bakinsa.

Kanwar ba ta ƙona su? Kuma wane ruwa suke sha?

Fatar ƙafafunsu mai tauri ce, lulluɓe da ɓawo, ba ta da gashi, kuma tana jure ruwan da zai saɓule fatar mutum. Yadda suke tace abinci ma yana kare su, domin kusan duk ruwan da ya shiga baki fita yake yi, kaɗan ne ke wucewa ciki. Gishirin da ya samu shiga jini kuwa, akwai wasu 'yan gaɓoɓi a saman idanunsu da ke tsamo shi su fitar da shi ta hanci.

Duk da haka ba sa rayuwa sai da ruwan daɗi. Sukan je bakin koguna da maɓuɓɓugan da ke zuba cikin tafkin su sha, su kuma yi wanka don kada kanwa ta bushe ta ɗaure musu gashi. A Bogoria, inda maɓuɓɓugan ruwan zafi ke feshi a bakin tafki, ana ganinsu a jere suna shan ruwan da ya gangaro tun bai gama hucewa ba. Tafkin da ke da abinci amma babu ruwan sha kusa da shi ba ya riƙe su da daɗewa.

Gaskiya ne cewa Tafkin Natron yana mayar da duk abin da ya taɓa shi dutse?

Ba gaskiya ba ne. Wannan magana ta bazu ne a 2013 bayan wasu hotuna na busassun tsuntsaye da jemagu da aka tsinto a bakin tafkin, aka kuma jera su da hannu kamar suna da rai. Abin da ke faruwa shi ne, dabbar da ta mutu ta faɗa cikin ruwan ba ta ruɓewa da wuri, kanwa takan busar da gawar ta lulluɓe ta da ɓawo. Jan launin da ake gani a tafkin daga sama kuwa na wasu ƙwayoyin halitta ne masu son gishiri.

Me ya sa ba sa hayayyafa a duk tafkin da suke kiwo?

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin al'amarin, domin abin da tsuntsun ke nema a wurin kiwo dabam ne da abin da yake nema a wurin sheƙa. Tafkunan Nakuru da Bogoria na Kenya sun sha ɗaukar filamingo fiye da miliyan a lokaci guda, amma bakin ruwansu a buɗe yake. Kura da dila da gwaggon biri suna iya takowa har inda tsuntsayen suke, ga borin-tunke da gaggafa suna shawagi. Babban tsuntsu yana iya tashi ya tsira, ƙwai da ɗan tsako kuwa ba su da wannan dama. Filamingo ba shi da ƙaho ba shi da farce, kuma tsoro gare shi ƙwarai, har borin-tunke 'yan kaɗan sun isa su sa dubban iyaye su watse su bar sheƙunansu.

Natron ya bambanta. Idan ruwansa ya fara janyewa bayan damina, tsibirai na busasshiyar kanwa sukan fito can tsakiya, nesa da gaɓa da kilomitoci. Tsakaninsu da tudu akwai ɓawon kanwa da ke karyewa ƙarƙashin ƙafa, a ƙarƙashinsa kuma baƙin taɓo mai zafi da ci. Zafin ruwan marar zurfi yakan wuce digiri 40, a wasu wurare ya kai 60. Dabba mai nauyi ba ta iya ratsawa, jirgin ruwa ma ba ya samun inda zai bi. Saboda haka ne kimanin kashi 75 cikin 100 na ƙananan filamingon duniya a wannan tafki guda aka ƙyanƙyashe su, kuma shi ne kaɗai wurin da tsuntsayen gabashin Afirka, waɗanda aka ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 1.5 da 2.5, suke hayayyafa a kai a kai.

Wuyar shiga wurin ta sa masana sun daɗe ba su san inda wannan tsuntsu yake sheƙa ba, duk da yawansa. Sai a 1954 wani masanin tsuntsaye mai suna Leslie Brown, wanda jami'in aikin gona ne a Kenya, ya hango sheƙunan daga jirgin sama. Da ya yi yunƙurin isa wurin da ƙafa, sai ɓawon ya rufta da shi, kanwa ta shiga takalmansa ta cinye masa fata, da ƙyar ya fito da rai, ya kuma yi makonni a asibiti ana yi masa dashen fata. Abin da ya same shi ya isa ya nuna abin da kura za ta tarar.

Yaya suke gina sheƙa su reni 'ya'yansu a irin wannan wuri?

Namiji da mace ne suke haɗuwa su yi ginin. Tsuntsun yana zaune ko yana tsaye yana jawo taɓo da guntayen kanwa da bakinsa, yana tarawa ƙarƙashinsa yana dannawa, har tsibin ya tashi kimanin santimita 30, samansa da ɗan kwarmi. Wannan tsayi yana da amfani biyu: yana tsare ƙwai idan ruwa ya ɗan ƙaru, kuma saman tsibin ya fi fuskar taɓon sanyi, wanda da tsakar rana yake iya dafa ƙwai. Sheƙunan suna kusa da juna ƙwarai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce inda wuyan maƙwabci zai kai sara ba.

Ƙwai ɗaya tak mace take sakawa, fari mai garin alli a jikinsa, kuma iyayen biyu suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin kwana 28. Ɗan tsakon yana fitowa da gashi toka-toka da baki miƙaƙƙe, ba shi da lanƙwasa ba shi da faifan tacewa, don haka ba ya iya ci da kansa. Iyayen suna ciyar da shi da wani ruwa mai maiƙo da ke fitowa daga bangon maƙogwaronsu, wanda masana ke kwatanta shi da nono saboda yawan kitse da furotin da ke cikinsa. Uwa da uba duka suna samar da shi. Ja ne kamar jini, kuma ana ɗiga shi ne daga bakin babba zuwa bakin ƙarami.

Bayan mako guda ko fiye da haka kaɗan, 'yan tsakin suna sauka daga sheƙa su haɗu cikin garke, wanda a Natron yakan ƙunshi dubban ɗaruruwa, manya 'yan kaɗan suna tsaronsu yayin da sauran suka tafi kiwo. Idan iyaye sun dawo, kowa yana gane ɗansa da murya, kuma shi kaɗai yake ciyarwa. Yayin da ruwa ke ƙara janyewa, manyan kan ja garken su yi tattaki a kan busasshiyar kanwa zuwa inda ruwan daɗi yake, tafiyar da kan kai kilomita 30. Masu rauni a hanya suke ƙarewa. Waɗanda suka kai kuwa bakinsu yana lanƙwashewa sannu a hankali, su fara tashi suna da kwana 70 zuwa 90.

Me ya sa sai a cikin taro mai yawa haka?

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tsuntsun da ke kiwo kansa a kife ba ya ganin abin da ke tahowa, amma cikin dubbai ba a rasa wanda kansa ke sama. Haka nan idan 'yan tsaki dubu ɗari suka fito a mako guda, borin-tunke da gaggafa ba za su iya cin fiye da cikinsu ba, yawanci sai su tsira.

Don wannan ya yiwu, dole ne taron ya shirya wa hayayyafa a lokaci ɗaya, kuma wannan ne aikin rawar da suke yi. Ɗaruruwa ko dubbai sukan miƙe wuya suna juya kai dama da hagu, su buɗe fuka-fukai farat ɗaya jan da baƙin da ke ciki su bayyana, sannan su matsu su yi ta tafiya da sauri a tare su juya a tare. Bukatar taro ta kai ga cewa a gidajen namun daji ƙaramin garke ba ya cika hayayyafa, har wasu masu kula da su sukan kafa madubai don tsuntsayen su ga kamar suna da yawa.

Daga ina launinsu yake fitowa?

Daga abinci. Sifirulina da jatan landen ruwan gishiri suna ɗauke da sinadaran launi da ake kira karotinoyid, jikin tsuntsun yana sarrafa su ya ajiye a gashi da fata da baki. Ɗan tsako ba ya samun cikakken launi sai ya shekara biyu zuwa uku. Iyaye masu reno kuma sukan koɗe, saboda launin yana tafiya cikin ruwan da suke ciyar da ɗansu. Tun da launi mai ƙarfi alama ce ta ƙoshi, yana da tasiri wajen zaɓen abokin aure, kuma an lura babban filamingo yakan shafa maiƙon da ke fita kusa da jelarsa a wuya da ƙirji don launin ya ƙara fitowa a lokacin rawa.

Kowace shekara suke hayayyafa?

Ba kowace shekara ba, domin komai ya rataya ne a kan tsayin ruwa. Idan ruwa ya yi yawa tsibiran suna nutsewa, babu inda za a yi sheƙa. Idan ya yi kaɗan, hanya tana buɗewa ga namun daji, ko kuma kanwar ta yi kauri fiye da yadda 'yan tsaki za su jure. Abin da ya faru a 1962 ya nuna haka ƙarara. Ruwan sama mai yawa ya cika Natron, sai tsuntsayen suka koma Tafkin Magadi na Kenya, inda kimanin ma'aurata miliyan guda suka yi sheƙa. Kanwar Magadi ta fi kauri, sai ta riƙa daskarewa a ƙafafun 'yan tsakin tana zama dunƙule mai nauyi, har suka kasa tafiya. Mutane sun shiga suna fasa dunƙulen da guduma, sun ceci dubbai, amma waɗanda suka mutu ma suna da yawa.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne tsawon rai. Filamingo yakan yi shekara 20 zuwa 30 a daji, wasu su zarce, kuma wani da ya rayu a gidan namun daji na Adelaide a Ostireliya ya mutu a 2014 yana da aƙalla shekara 83. Tsuntsun da ke da irin wannan rai yana iya jiran shekarar da ta dace.

Me ya sa sukan ɓace daga tafkin da aka saba ganinsu?

Sifirulina tana iya rushewa cikin ɗan lokaci idan gishirin ruwa ya sauya, tsuntsayen kuma ba sa zama inda babu abinci. Sukan tashi cikin dare su yi ɗaruruwan kilomitoci kafin gari ya waye, daga Kenya zuwa Manyara a Tanzaniya ko Abijatta a Habasha. Saboda haka jerin tafkunan ne gidansu, tafki ɗaya ba ya isarsu.

Nakuru misali ne na kusa. Daga wajen 2010 tafkunan wannan kwari suka fara cika, ruwan daɗi ya tsarma kanwar, sifirulina ta ragu, mafi yawan filamingon da suka sa Nakuru ya yi suna suka ƙaura. Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na tafkuna 22, ya gano cewa faɗin Nakuru ya kusan ninkawa tsakanin 2009 da 2022, yawan abincin da ke cikin ruwan kuma ya ragu da kusan rabi. Mutane sun saba ɗaukar ƙafewar tafki a matsayin babbar masifa, amma ga wannan tsuntsu cikarsa ma masifa ce.

Sai a tafkin kanwa kaɗai ake samunsu?

A'a, ana samunsu a duk ruwa marar zurfi mai gishiri ko taɓo. Babban filamingo yana hayayyafa a Camargue na kudancin Faransa, da Fuente de Piedra a Sifaniya, da Tafkin Tuz a Turkiyya. Ƙaramin yana sheƙa a filayen gishiri na Etosha a Namibiya da Sua a Botswana idan ruwa ya sauka, da yankin Kutch a Indiya, kuma dubbai suna kiwo a bakin teku kusa da birnin Mumbai. Sai dai duk inda suka yi sheƙa, za a tarar da sharaɗi iri ɗaya, wato ruwa ko taɓon da ya raba su da tudu.

Wace barazana suke fuskanta?

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ƙaramin filamingo cikin nau'o'in da suka kusa shiga haɗari, duk da cewa ya fi sauran yawa, saboda wuraren hayayyafarsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kanwa kaya ce mai daraja ga masana'antun gilashi da sabulu, kuma an daɗe ana haƙarta a Magadi. An yi shirin kafa irin wannan masana'anta a Natron, duk da cewa an saka tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 2001, amma kamfanin Tata na Indiya, wanda ke cikin masu shirin, ya janye daga shirin a 2008 bayan adawa mai ƙarfi. Duk wani aiki da zai taɓa kogin Ewaso Ng'iro, wanda ke kawo wa tafkin ruwa daga Kenya, zai iya sauya tsayin ruwan da sheƙa ta dogara da shi. A Habasha, ɗibar ruwa don noman rani da haƙar kanwa sun rage Tafkin Abijatta. A tsaunukan Andes kuma ana zuƙe ruwan gishirin ƙarƙashin ƙasa don samun litiyam na batura.

An kuma sha samun mutuwar dubban tsuntsaye lokaci guda a Bogoria da Nakuru da Manyara tun daga shekarun 1990, inda aka danganta abin da gubar wasu ƙwayoyin ruwa da cututtuka da gurɓatar ruwa. A 2019 ruwa ya janye daga madatsar Kamfers kusa da Kimberley a Afirka ta Kudu, iyaye suka watse, aka kwashe 'yan tsaki kusan 2,000 aka rene su da hannu. A 2021 dubban 'yan tsaki sun mutu a Tafkin Tuz bayan fari.

Tafkunan Bogoria da Nakuru da Elmenteita sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2011, amma kare bakin tafki ba ya hana abin da ke gangarowa daga gonaki da garuruwan da ke sama da shi. Akwai kuma wata matsala ta ƙidaya. Tun da tsuntsun yana da tsawon rai, garke zai iya ci gaba da cika tafki na shekaru da yawa ko da hayayyafa ta tsaya, shi ya sa masu bincike ba sa wadatuwa da ƙirga manya a wuraren kiwo, sai sun bi ta jirgin sama sun ƙirga sheƙuna da 'yan tsakin da ke tsakiyar Natron.